Jan Kafet a Gidan Inna Mai Keke

Inna Mai Keke ba ta gani. Gara a faɗi wannan tun daga farko, domin ita ba ta faɗa wa kowa ba, har 'ya'yan da ta haifa.

Rabin rayuwarta a duƙe ta yi shi kan keken ɗinki, tana yi wa matan unguwa riguna, tana rage wa yara wando, tana buɗa wa waɗanda suka yi ƙiba ƙugu ba tare da ta ce musu sun yi ƙiba ba. Sunan ya bi ta har na yanka ya ɓace. Da farko zura zare ne ya fara gagarar ta, ta ce allurorin yanzu ne ba a yi musu kafar kirki. Daga nan fuskokin mutane suka koma kamar tana hango su ta cikin labule. A ƙarshe abin da ya rage mata shi ne ta san inda taga take idan rana ta fito. Ta rufe keken da zane, ta ce bayanta ne ya gaji, kowa ya yarda.

Tana da dalilinta na yin shiru. Yayarta ma haka idonta ya yi, kuma ranar da ta faɗa, ranar ɗanta ya zo da mota ya ɗauke ta. Aka ba ta ɗaki mai kyau, aka ajiye ta a ciki kamar tsohon akwati, ana kai mata abinci, ana riƙe mata hannu har zuwa banɗaki. Ba ta daɗe ba ta rasu. Inna ta je ta ga ɗakin nan da idonta, lokacin tana da shi, ta dawo ta ce a ranta ita kam sai dai a fitar da gawarta daga gidanta. Ga shi babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi, tana zaune a hawa na sama na wani dogon bene, kuma ba ta da zance sai “Inna ki dawo wurina.”

To yaya makauniya ke zama ita kaɗai a gida, 'ya'ya na zuwa suna tafiya, ba wanda ya gane? Da ƙafa da kunne.

Marigayi maigidanta birkila ne, kuma kamar yawancin birkiloli, gidan kowa ya gama ban da nasa. Daɓen gidan da ragowar aikin mutane ya yi shi, yau nan, baɗi can. Ɗakin kwananta sumul kamar faranti. Falo kaushi gare shi, don ranar siminti ya gaza aka cika da yashi. Bakin kicin fasassun tayil ne ya jera, masu sanyi ko da rana tsaka. Sai kuma tsagi guda, wanda ya taso daga ƙofar ɗakinta, ya ratsa falo, ya karkata daidai inda keken yake, ya rabu biyu: ɗaya ya nufi kicin, ɗaya ƙofar waje. Shekara da shekaru tana yi masa mita a kan tsagin nan, yana cewa gobe, har ya koma ga Mahaliccinsa bai cike shi ba. Yanzu shi ne jagoranta. Babban yatsanta na ƙafa yana kansa, tana tafiya kai a miƙe, hannu a sake, kamar mai ido huɗu. Ko alƙibla da shi take ganewa.

Mutane kuwa tun kafin su yi sallama ta san su. Malama da dunduniya take tafiya, kamar tana jin haushin ƙasa. Auta, ɗanta na ƙarshe, mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, jan ƙafar hagu yake yi tun da ya faɗo daga bishiya yana yaro. Tana jin wannan jan ƙafar sai ta juya daidai inda fuskarsa take ta ce, “Kai kuma sai yau?” Idan jika ta zo ta rungume ta, yatsunta sun riga sun karanta yadin, sai ta taɓe baki ta ce, “Wa ya saya miki wannan? Wanki biyu zai saki.” Har yabon idonta ake yi a dangi.

Abin da ya ɓata lissafin ɗan man girki ne da ya ɗiga a bakin kicin. Ta taka, ƙafa ta tafi, ƙugu ya bugi tayil. Ba ta karye ba, amma sai da ta yi kwanaki tana ɗingishi, kuma Malama ta samu abin da take nema.

“Shi ke nan, Inna,” in ji ta. “Ki haɗa kayanki. Ba zan zauna ina jiran a kira ni a ce an tsince ki a ƙasa ba.”

Auta ne ya shiga tsakani. Shi aikinsa na shigar da shi gidajen masu hali, ya ga abubuwa. “Yaya, bar ta a gidanta,” ya ce. “Daɓen nan ne matsalar. A malale ko'ina da kafet, bango zuwa bango, a sa masa soso mai kauri a ƙasa. Ko ta faɗi, kamar kan katifa ta faɗa.”

Malama ta juya maganar a ranta, ta ce, “Ko dai kafet, ko dai bene. Inna, zaɓi.”

Inna ta yi tsammanin a ce ta riƙe sanda, ko a kawo mata mai taya ta kwana, duk ta tanadi amsarsu. Amma a rufe mata ƙasa? Wannan ko a mafarki bai zo mata ba. Kuma wanda ya kawo shawarar shi ne mai son ta zauna, ga shi can yana jiran ta sa masa albarka. Ta ce, “Allah ya yi maka albarka, Auta.”

Ranar da aka je zaɓen kafet ta riƙe hannun Malama, ta ce ƙugun ne. Suna shiga shagon ta ji wani abu da ya tayar mata da tsigar jiki: shagon ba ya mayar da murya. A ko'ina idan mutum ya yi magana bango na ba shi amsa, ya san faɗin wuri da tsawonsa. A nan kuwa magana na fita baki sai ta mutu. Warin sabuwar roba da gam ne kawai ya cika mata hanci.

Mai shagon irin mutanen nan ne da ba sa jan numfashi tsakanin magana da magana. “Mama, barka da zuwa. Ga mai dogon gashi, laushi kamar bayan kyanwa, sai dai yana riƙe ƙura, sai da injin shara. Ga mai gajeren gashi, tsintsiya ma ta ishe shi. Ga mai murɗaɗɗen zare, yana jure taku, amma in za ki riƙe sanda yana kama bakinta. Wane launi kike so?”

Inna tana da dabararta a irin wannan wuri. “Ku me kuka gani?” ta tambayi 'ya'yan.

“A'a,” in ji Malama. “Gidanki ne. Ke da kika ƙare rayuwarki a zaɓen yadi, mu ne za mu koya miki launi?”

Sai ta miƙa hannu ta fara shafawa. Ba ruwanta da launi, wanda ya fi kowanne sirantaka take nema, wanda tafin ƙafa zai iya jin abin da ke ƙarƙashinsa. Ta wuce masu laushi, ta wuce masu kauri, har yatsunta suka faɗa kan wani mai tauri, siriri kamar bargon da ya sha wanki. Ta matsa shi tsakanin yatsu, ta ji har farcenta ta ɗaya gefen.

“Wannan,” ta ce. “Launinsa ma ya kwanta mini.”

Ba wanda ya yi magana. Ta sha jinin jikinta.

“Inna,” in ji Malama a hankali, “ja ne fa. Ja jawur. Ke da kika hana ni sa jan ɗankwali har na yi aure? Ke da kike cewa ja na sa miki ciwon kai?”

Fuskarta ba ta nuna komai ba. “To tsufa ne ya zo. Ina son abin da zai riƙa farkar da ni.”

Auta ya yi dariya har da buga cinya. Mai shago ya ce ai Mama ta san kaya, ja shi ake yayi, kuma yana da wannan jan sak a mai kauri, don siririn da ta taɓa na ofis ne, ba na tsohuwa mai ciwon ƙugu ba. Kafin ta ce uffan an wuce wurin, an koma kan soso.

Ya shimfiɗa musu kala uku a ƙasa, ya ɗora ƙyallen kafet a kan kowanne, ya ce su taka su ji. Na farko siriri ne, tana takawa ta ji ƙasa na gaishe ta daga nesa. Na biyu ya ɗan danne. Na uku kuwa ƙafarta ta nutse, ta rasa inda ƙasa take, sai da ta damƙi hannun Malama.

“Na farkon ya isa,” ta ce da sauri. “Na farkon nake so.”

“Mama, wannan ai sunan soso ne kawai,” in ji mai shago. “Wata nawa zai yi ya lotse? Mai kaurin nan shi ne zance. Yana kare gwiwa, yana riƙe ɗumi, yana ƙara wa kafet kwana. Ga shi yana shanye ƙara. Ko jikoki sun cika gidan suna tsalle, ba za ki ji motsinsu ba. Ranka ya daɗe, gwada mata.”

Inna ta kasa kunne tana jiran gwajin. Ta jira. Ba abin da ya faru.

“Kin gani ko?” in ji Auta, muryarsa a daidai kafaɗarta ta dama, alhali ta bar shi a hagu. “Makullaina duka na saki, ko ƙyas.”

Makullan Auta tari guda ne, idan ya ajiye su a tebur har maƙwabta sun sani. Sun faɗi a gabanta ba ta ji ba. Shi kansa ya zagaya ta bayanta da jan ƙafarsa, ba ta ji ba. Ashe ba ƙasa kaɗai za a rufe mata ba, har da mutane.

Ta yi gardama iya ƙarfinta. Ta ce mai kauri na tara zafi, ta ce zai sa ta tuntuɓe, ta ce ɓarnar dukiya ce. Malama ta ce a kan launi an bar ta ta yi son ranta, amma a kan soso ba ta da ta cewa, tunda don shi aka zo. Haka aka tashi: abin da ba ta damu da shi ba aka ba ta, abin da ta zo nema aka hana ta.

Kwana biyun da masu aiki suka yi suna gwaji da yanka da manna gam, a benen Malama ta yi su. Aka zaunar da ita a kujera mai laushi, ta zauna. Aka kawo abinci, ta ci. Ba ta san ina ƙofa take ba, ba ta tambaya ba, ta ce ƙugun ne ya tashi. Tana zaune tana tuna yayarta.

Da aka mayar da ita gida ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta sa ƙafar dama. Babban yatsanta ya nemi tsagi, ya samu gashi. Ta ƙara taku, gashi. Ba kaushin falo, ba sanyin tayil, ba ɗan ramin da ƙafar keke ta haƙa. Gidan da ta haifi 'ya'yanta a ciki, ta yi wa mijinta jinya a ciki, ya koma wuri ɗaya mai laushi wanda ba shi da gabas ba shi da yamma. Masu aikin kuma sun mayar da kujeru inda suka ga ya fi kyau, ba inda suka same su ba.

“Ya kika gani, Inna?” in ji Auta.

“Ba a magana,” ta ce. Gaskiya ta faɗa.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta taɓa jin tsoro irin nasu ba. Ta nufi kicin ta tsinci kanta a bayan labule. Ta bugi keken ɗinkinta da gwiwa, keken da ta san shi fiye da tafin hannunta. Ta idar da salla, ta miƙa hannu inda bango ya kamata ya kasance, ta taɓa kujera, ta gane ba ta san ina ta fuskanta ba. Idan ba kowa sai ta bi bango da hannu, amma yanzu ina za ta san ba kowa? Murya kawai take ji ta faɗo mata daga sama, ta zabura, a ce, “Inna lafiya?” ta ce tunani take yi. Sai ta daina tashi. Ta zauna a bakin gado tun safe har yamma, ana cewa ai Inna ta samu hutu. Ita ta san sunan abin: ɗakin yayarta ne ya biyo ta har gida.

Wata safiya, bayan ta karya, ta lalubi aljihun keken ta ɗauko babban almakashinta, wanda ba ta taɓa barin kowa ya yanka ko takarda da shi ba. Ta durƙusa a ƙofar ɗakinta tana shafa ƙasa. Mai ɗinki ba a ɓoye masa haɗi: nan da nan yatsunta suka gano inda aka gama na ɗaki da na falo. Ta cusa bakin almakashi ta ɓanɓare. Kafet ya yi gardama, soso ya yi ta kama ƙarfen, gam ya manne mata a yatsu, ta ci gaba. Can sai hannunta ya taɓa siminti, mai sanyi, mai kaushi, ga tsagin nan kwance inda ta bar shi.

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. “Malam,” ta ce da marigayin, “Allah ya saka maka da ba ka ji maganata ba.”

Ta fara yanka hanya, faɗin tafin ƙafa biyu, hannun hagu na bin tsagi, na dama na bin hagu. Ta yanka, ta naɗe, ta tura gefe, ta ja gwiwa gaba. Tsakanin yatsunta ya tashi ya yi ruwa, ba ta kula ba. Har ta fara ɗan waƙe-waƙen da take yi a kan keke a da. Ta wuce kujera, ta doshi inda tsagin ke karkata, ta miƙa hannu gaba don ta ji sauran, sai ta dafa yatsun ƙafar mutum.

Ba ta janye hannun ba. Babban farcen a tsage yake, ta san shi, ita ta ɗaure shi da tsumma ranar da ya tsage.

“Auta.”

“Na'am.” Muryar kamar ba tasa ba.

“Yaushe ka shigo?”

“Tun kina bakin ƙofar ɗaki. Na ga abin da kike yi, bakina ya kasa buɗewa. Na ce ko taɓuwa ce ta same ki. Na zo na tsaya a gabanki. Kin ɗago kai, Inna, kin dube ni tsakiyar ido, kika sunkuya kika ci gaba da yanka. Na kaɗa miki hannu.”

Ta zauna a kan dugaduganta, ta ajiye almakashin a cinya. Ƙarya ta zo mata har baki, iri-iri, duk ta ga ba wadda za ta rufe wannan ramin.

“To kana da zaɓi,” ta ce. “Ka gaya wa yayarka na haukace, ko ka gaya mata na makance. Na biyun ne gaskiya. Kowanne ka ɗauka, bene za ta kai ni.”

Ta ji ya zube a gabanta, ba da ƙara ba, iskar zamansa kawai ta ji.

“A shagon nan, da kika ce launin ya kwanta miki…”

“A bakin yayarka na ji ja ne. Ya yi muni sosai?”

“Kamar mahauta.” Ya yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. “Tun yaushe, Inna?”

Ta so ta ce kwanan nan ne. Amma ya yi tambayar da gaske, ta ga ya cancanci amsa.

“Ƙaramar 'yarka,” ta ce. “Ban taɓa ganin fuskarta ba.”

Yarinyar da ake magana har ta shiga makaranta.

“Ranar da aka haife ta kin ce ta ɗauko hancin Baba,” in ji Auta.

“Ta ɗauko mana. Na shafa.”

Nan ne ya fashe da kuka, ƙato da shi, mai 'ya'ya, ya kifa kai a gwiwarta. Ta dafa ƙeyarsa ta bar shi ya yi. Ita dai jira take ta ji hukuncinta.

Da ya ɗago ya ja hanci ya ce, “Ba zan ɓoye wa Yaya ba. Tana hanya ma, ta ce za ta biyo ta ga yadda kike jin daɗin kafet.” Ya kamo hannunta na dama, ya juya shi, ya taɓa inda ya tashi. Sannan ya zare almakashin daga cinyarta. “Amma ba inda za ki. Daga nan ina tsagin ya nufa?”

A gidan aka haife shi, a kan daɓen nan ya yi rarrafe, bai taɓa lura ba. Ta kama yatsansa ta sa a cikin tsagin, ta tura shi gaba. “Nan zai karkata. Ka bi na dama tukuna, shi ne na ƙofar waje. Kuma ka miƙe hannunka, kada ka yi mini yankan 'yan koyo.”

Ya yanka, tana naɗewa. Da ya kai bakin ƙofa ya miƙe ya dawo ta kan simintin, ƙafar hagu na ja a baya. Inna ta rufe idanun da ba su da amfani ta saurara, kamar mai shan ruwa bayan doguwar tafiya.

Suna tsakiyar reshen kicin ƙofar waje ta buɗe. Aka tuɓe takalmi. Dunduniya ta bugi siminti sau ɗaya, da ƙarfi, ta tsaya cak, sallamar ma ta maƙale.

Inna ta juya daidai inda fuskar take.

“Shigo, Malama,” ta ce. “Bi ta kan simintin, in ji ki. Zo ki zauna, akwai maganar da zan gaya miki da bakina.”